Amsoshin Tambayoyinku: Korona ta wuce, maigida bai dawo daidai ba

Jama'a masu sauraro, wasiƙarmu ta farko yau daga Rigasa take, wata baiwar Allah ce, ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce maigidanta yadi yake sayarwa a Kasuwar Sheikh Gumi, jarinsa ya karye lokacin kullen korona. Tun daga nan ya canza: barci ya ƙaurace masa, ya daina zama majalisa, abu kaɗan ya hau yara da faɗa. Dangi sun ce sammu ne. Tana tambaya, anya annobar da ta wuce tuntuni za ta bar mutum haka?

Ƙwarai kuwa, Malama. Ki tuna yadda muka ji a nan Kaduna daga ƙarshen Maris na 2020: kasuwa a rufe sama da wata biyu, ba Juma'a, har azumi a gida muka yi shi. Magidancin da ya saba fita ya samo, ya wayi gari yana cin uwar kuɗi, ga bashi, ga kunyar iyali. Irin wannan zuciya ba ta saki don kawai an buɗe gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a shekarar farko ta annobar, ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya.

Abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa, amma likita ne zai tabbatar. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne. Ku ci gaba da addu'a, ku haɗa da asibiti.

Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa. Na san da jin sunan wasu ke ja da baya, wai wurin mahaukata ne, kuma wannan magana tana min ciwo, don ta hana mutane da yawa samun sauƙi. Idan ya ƙi, ki fara da rashin barcin, ku je Barau Dikko ko asibitin unguwa, su tura shi. Ki nemi wanda yake jin maganarsa, yayansa ko limaminku, ya raka shi. Kada a saya masa maganin barci a kemis ba takardar likita.

In kuwa kika ji yana cewa ya gaji da duniya, ko gara ya mutu, kada ki bar shi shi kaɗai. Ki kawar da fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari daga ɗakin, ki kira 'yan uwa, a kai shi asibiti a ranar.