Amsoshin Tambayoyinku: Filin Jirgin Sama Na Moton

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu ce a Maraɗi, yana cewa: "A ina baƙaƙen fatan Amurka suka koyi tuƙin jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yaya horon yake?"

To malam, wani ɗan fili ne mai suna Moton, a garin Tuskegee na jihar Alabama. A lokacin sojan Amurka ba ya haɗa baƙi da fari, shi ya sa aka ware musu nasu wurin. Ajin farko mutum 13 ne suka shiga a Yulin 1941, biyar kacal suka kammala a Maris 1942, cikinsu har da Benjamin O. Davis ƙarami, wanda daga baya ya zama janar baƙar fata na farko a sojan saman Amurka.

Matakin farko ake yi a Moton: kusan mako tara, da awa 60 ko sama da haka a sararin sama. Jirgin koyon shi ne Stearman, mai fukafukai hawa biyu na katako da aka lulluɓe da yadi, injinsa mai ƙarfin doki 220. Da hannu ake murɗa wani ƙarfe a gefen hancinsa kafin injin ya kama. Malami a kujerar gaba, ɗalibi a baya, ba rufi, ba rediyo. Ta cikin bututun roba malam ke magana zuwa kunnen ɗalibi, shi kuwa ba halin amsawa, sai gyaɗa kai.

Tashi ba wuya, sauka ce jidali. Tayoyin gaba sun matsu da juna, nauyin jirgin kuma yana bayansu. Da zarar ya taɓa ƙasa iska ta bugo daga gefe, in ɗalibi ya yi jinkirin taka fedar juya wutsiya, sai wutsiyar ta zagayo gaba, bakin fiffike ya kartsi ƙasa. Bayan awa takwas zuwa goma ake sa ran mutum ya tashi shi kaɗai. Wanda ya kasa, a sake gwada shi, in bai gyara ba a sallame shi.

Wanda ya tsallake sai babban sansanin soja da ke kusa, ya hau jirgin koyo na mataki na biyu, BT-13, sannan na matakin ƙarshe, AT-6 mai ƙarfin doki 600. Zuwa 1946 matuƙa 992 suka kammala. Har yanzu ƙananan jirage na sauka a Moton, tsofaffin rumfunan jiragen kuma sun zama gidan tarihi.