Sharhi: Titi Na Uku A Heathrow, Aljihun Wa Zai Biya?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai kai mu yammacin birnin Landan, filin jirgin sama na Heathrow.

Duk wanda ya taɓa sauka a can ya san yadda jirgi kan yi ta shawagi a sararin birnin yana jiran a ba shi izinin sauka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Titin sauka da tashi biyu kacal gare shi, alhali filin Charles de Gaulle na Faris yana da huɗu, Schiphol na Amsterdam yana da shida. A kan titunan nan biyu fasinja miliyan 83.9 suka bi a 2024. An kuma ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, kuma ya daɗe da kusan cika adadin.

Maganar titi na uku ta tsufa. Gwamnatin Gordon Brown ta amince da shi a 2009, ta David Cameron ta soke a 2010. Kwamitin Sir Howard Davies ya sake ba da shawarar a gina a 2015, majalisar dokoki ta amince a 2018 da ƙuri'a 415 a kan 119, kotun ɗaukaka ƙara ta taka masa birki a Fabrairun 2020 saboda yarjejeniyar sauyin yanayi ta Faris, Kotun Ƙoli ta warware hukuncin a Disambar shekarar. A Janairun 2025 Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta sake farfaɗo da shi. Shirin da kamfanin filin ya gabatar zai ci fam biliyan 49, wanda biliyan 21 daga ciki na titin ne kaɗai, mai tsawon mita 3,500, har da karkatar da babbar hanyar mota ta M25 ta bi ta ƙarƙashinsa.

Ni dai ina ganin filin yana buƙatar titin. Abin da ya fi damuna shi ne hanyar biyan kuɗin.

Heathrow ba na gwamnati ba ne. Masu hannun jari ne ke da shi, ciki har da kamfanin Ardian na Faransa da asusun zuba jari na Katar da na Saudiyya. Tunda ba shi da kishiya ta gaske, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Birtaniya, CAA, ita ke yanka iyakar abin da zai caji kamfanonin jirage a kan kowane fasinja. Su kuma kamfanonin su ɗora a kuɗin tikiti. A zangon farashin da ya fara a 2022, Heathrow ya nemi sama da fam 40 a kan kowane kai, hukumar ta tsayar da fam 31.57 a 2023, ta sauke zuwa kusan fam 25 a shekarar da ta biyo. Duk da haka yana cikin filaye mafi tsada a duniya.

To yaya ake lissafin? A nan gizo ke saƙa. Hukumar tana tara darajar duk abin da filin ya gina da amincewarta, ta ce wannan shi ne jarinsa, wanda yanzu ya kai kimanin fam biliyan 20. Sannan ta ba shi damar cin riba ta wani kaso a kan jimlar. Ke nan duk ginin da aka ƙara, jarin ya kumbura, ribar ta bi shi. Ku ɗauka kun ba magini aikin gida, kun ce ladansa kaso ne na duk abin da ginin ya ci. Ko da mutumin kirki ne, ba ku ba shi dalilin neman siminti mai araha ba. Wannan shi ne kukan British Airways da Virgin Atlantic, kuma a nan ina tare da su. In aka zuba biliyan 49 a kan biliyan 20 da wannan ma'auni, ba sai an kira malamin lissafi ba kafin a gane inda farashi zai dosa. Akwai ma fargabar a fara tatsar fasinjan yau kuɗin titin da ba a sa ran buɗe shi kafin 2035.

Sai dai su ma kamfanonin jiragen ba don Allah kaɗai suke kukan ba. Cunkoson nan riba ce ga wanda ya riga ya shiga. British Airways na riƙe da kusan rabin guraben sauka da tashi, kuma ƙa'ida ta ce muddin ka yi amfani da gurbinka kashi 80 cikin ɗari, naka ne a zango mai zuwa. Gurbi ya zama kadara, har aka ba da rahoton cewa Oman Air ya sayi biyu a kan dala miliyan 75 a 2016.

Mu ma abin ya taɓa mu. Da kamfanin Air Peace na Najeriya ya fara zuwa Landan a Maris na 2024, a Gatwick ya sauka, don bai samu wuri a Heathrow ba, alhali jiragen Birtaniya na sauka a Legas da Abuja. Sai da Ministan Sufurin Jiragen Sama na Najeriya, Festus Keyamo, ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya takardar ƙorafi mai zafi, kafin jirgin ya fara tashi daga Abuja zuwa Heathrow a Oktoban 2025. Sabon titi zai buɗe dubban gurabe. Amma in kuɗin sauka ya yi tashin gwauron zabo, ƙananan kamfanoni irin na Afirka ne za su fara ja da baya, ɗalibinmu da majinyacinmu da ɗan kasuwarmu su biya sauran.

Kada kuma a manta da mutanen ƙauyukan Longford da Harmondsworth, inda za a rushe gidaje sama da 700, da dubban ɗaruruwan da ƙarar jirage ke shiga ɗakunansu.

Saboda haka kirana ga CAA ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin katafila ta taɓa ƙasa, a yanke adadin da aikin zai ci, abin da ya haura masu jari su ɗauka, kada a juye wa fasinja. A kuma ba wasu kamfanoni dama su yi takarar gina tashoshin fasinja da gudanar da su, kamar yadda rukunin Arora mai harkar otal-otal ya daɗe yana nema. Zangon farashin da aka fara a 2022 yana ƙarewa ne da ƙarshen 2026, kuma ya kamata a sa wannan magana a kan teburin zango na gaba.

A huta lafiya.