Me ya sa faundeshin ke yi miki toka-toka a fuska?

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Tun da hotunan wani biki suka fara yawo a TikTok, amarya fuska daban wuya daban, tambaya ɗaya ake ta turo min: wai ni baƙa ce, na sayi faundeshin (man kwalliyar da ake shafawa don daidaita launin fuska) mai duhu daidai ni, me ya sa duk da haka yake min toka-toka? To yau a kan wannan za mu zauna.

Mun gwada a fuskoki guda biyu. Duhunsu ɗaya, in ka gansu a hanya za ka ce 'yan gida ɗaya ne. Kwalba ɗaya muka shafa musu. Ga ta dama, ya zauna lafiya lau. Ga ta hagu... toka-toka ya yi mata.

Ba duhun ne matsalar ba. Fata tana da duhu ko haske, wannan kowa ya sani, fara, wankan tarwaɗa, baƙa. Amma a ƙarƙashin duhun akwai wani launi da ke leƙowa, shi 'yan kwalliya ke kira andaton. Wata nata ja ne, wata rawaya-rawaya kamar zinare, wata ruwan zaitun, wata kuma tana tsakiya. Shi kuwa faundeshin, yawancin wanda kike gani a shago haɗi ne na launi huɗu, ja da rawaya da baƙi, sai fari, farin nan sinadarin titanium dioxide ne. In kamfani ya cika farin ko ya rage ja a kwalbar da ya ce ta baƙaƙe ce, to wallahi ko lambar ta yi daidai da duhunki, toka za ki gani. In kuma ja ya yi yawa ke kuma taki fatar rawaya ce, sai fuska ta koma ruwan goro.

Kuma kar ki ɗauka laifinki ne, shekara da shekaru manyan kamfanoni kala biyu ko uku suke ware wa baƙar fata a ƙarshen layi, shi ke nan. Shi ya sa Iman, 'yar Somaliyar nan mai tallan kayan ƙawa, ta buɗe nata kamfanin a 1994, nan gida kuma House of Tara ya taso a 1998. Sai 2017 da Rihanna ta fito da Fenty Beauty da kala 40 lokaci guda, ta kai su 50 a 2019, sannan sauran suka farga. Amma yawan kwalabe ba shi ne ba. A 2024 wani kamfani a Amurka, Youthforia, ya fitar da kalarsa mafi duhu, aka duba aka ga baƙin launi ne zalla a ciki, babu ja babu rawaya. Abin ya ɓata min rai sosai, don babu ɗan Adam ɗin da fatarsa take baƙi zalla, kowa da launin da ke ƙasa.

To ya za ki gane naki? Wannan dabarar ta duba jijiyar hannu, wai kore ce ko shuɗiya, ku ajiye ta gefe, a fatarmu yawanci jijiyar ma ba ta fitowa sosai. Kuma don Allah a daina gwaji a bayan hannu, hannu yana shan rana da wanke-wanke, kalarsa daban da ta fuska.

Ga yadda ake yi, ku kalla da kyau. Kala uku za ki ɗauka masu kusa da juna, ɗaya mai ja, ɗaya mai rawaya, ɗaya tsaka-tsaki. Ki ja layi uku daga kunci zuwa muƙamuƙi har ya ɗan sauka wuya. Kar ki murza sosai. Sai ki jira, minti goma zuwa sha biyar, don faundeshin yana ƙara duhu in ya bushe ya haɗu da iska da maiƙon fata, abin da kika gani a minti na farko ba shi za ki gani a wurin biki ba. Sannan ki fita waje da madubinki. Ai ko atamfa kika je saya a Kwari sai kin fito da ita bakin ƙofa kin ga ainihin kalarta a rana, to fitilar shagon kayan kwalliya ma haka take ruɗin ido.

Ga abin da layukan suka nuna a gwajinmu. Na sama ya yi fari-fari, wannan ya fita. Na tsakiya ya yi ja da yawa. Na ƙasa fa? Nemo shi. Layin da ya ɓace har sai kin matsa kusa kafin ki gan shi, shi ne naki.

Masu amfani da faundeshin kamfanin MAC ku kula, harufansu suna rikita mutane: NC na masu rawaya ne, NW na masu ja. Kenan NC45 da NW45 ba abu ɗaya ba ne ko da lambar ɗaya ce. In kuma goshinki da gefen baki sun fi tsakiyar fuska duhu, wanda da yawanmu haka muke, kwalba biyu za ki haɗa, ba wani abin kunya.

Saura masu naso, da sauri. Na san da yawanku ba kwa shafa komai kafin kwalliya, wai fuskar dama maiƙo gare ta. Maiƙo daban, ruwa daban, fata tana iya yin naso kuma tana ƙishirwa, musamman in kin wanke ta da sabulun salo ta ɗaure tamau, ko lokacin hunturu. A kan irin wannan fatar faundeshin yake daddarewa ya tsattsage. Ki nemi man fuska mara nauyi, mai kama da jel, ki juya bayan kwalbar ki ga ko akwai sinadaran riƙe ruwa a fata, wato gilisarin ko hyaluronic acid, in da niacinamide ma ya fi, yana taimakawa wajen rage naso. Basilin da man kaɗe suna da kyau, ina son su, amma ki bar su wa ƙafa da gwiwar hannu ranar kwalliya, man kwakwa kuwa yana toshe wa mutane da yawa ƙofofin fata ƙuraje su feso.

Man fuskar ɗan kaɗan a yatsa ya isa. Ki ba shi minti biyar ya shige kafin ki ɗora komai. In kina shafa man kariyar rana mai zinc oxide, ki gwada hoto da filasha tun a gida, don shi ma yana barin fari a baƙar fata, sai a ɗora wa faundeshin laifin da ba nasa ba. Hoda kuma a goshi da hanci da haɓa kawai, ita ma ki zaɓi mai launin fatarki, ba fara ba.