Lacca: yadda ƙaramar saba za ta karɓi buƙatu da yawa a lokaci guda

Assalamu alaikum. Kafin mu shiga gardamar wace hanya ta fi, kowa ya ɗauki biro. A ce buƙata 50 ke shigowa a daƙiƙa ɗaya, kowacce tana cin daƙiƙa 0.2. Ku ninka: goma ce kacal a hannun saba, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun masu amfani, a kowane lokaci. Yawancin ƙananan sabobi a nan suke, kuma goma ba ta kai a tayar da hankali ba.

Tsohuwar hanya ita ce a buɗe wa kowane haɗi furoses nasa, wato shiri mai gudana da ƙwaƙwalwarsa daban, ta hanyar kiran fork da ke kwafe shirin. In ɗaya ya faɗi sauran ba ruwansu, amma ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ke ji a jikinta. Zare, wato layin aiki a cikin furoses guda, ya fi arha, sai dai zaruruwa ƙwaƙwalwa ɗaya suke rabawa, don haka duk abin da biyu za su rubuta sai an sa masa makulli.

Shawarata: ku ƙayyade zaruruwan, a ce 32, da layin jira mai iyaka. Layi ya cika, ku mayar da 503, lambar da ke cewa saba ba ta iya amsawa yanzu, nan take. Gara mutum ya ji a'a da ya yi ta jiran gawon shanu. Sannan wa'adi, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Harin Slowloris na 2009 ba ya buƙatar ƙarfi: ya buɗe haɗi, ya riƙa ɗigo da kanun buƙata, wato layukan bayani da ke farkonta, kaɗan-kaɗan, har zaruruwa 32 ɗin su maƙale suna sauraronsa. Ku ba kanu daƙiƙa 10, ko ku sa manhajar saba ta nginx a gaba ta shanye wannan jiran.

To yaushe za a koma zagaye guda, inda zare ɗaya ke kula da duk haɗi, yana amfani da epoll ko kqueue don sanin wanne ya shirya, irin na nginx da Node.js? Sai haɗi ya kai dubbai kuma yawanci zaman jira yake, kamar WebSocket, haɗin da ke daɗewa a buɗe. Sharaɗinsa mai tsauri ne: kira ɗaya ya tsaya, ko getaddrinfo mai neman adireshi daga suna, ko tambayar rumbun bayanai, kowa ya tsaya. Ku guji select, tsohon kiran da ke irin aikin epoll, iyakarsa buɗaɗɗun fayiloli da haɗi 1024. Ku duba ulimit -n ma, wato iyakar fayiloli da haɗin da furoses zai buɗe, shi ma galibi 1024 ne a Linux, ya cika accept mai karɓar haɗi ya fara dawo da kuskuren EMFILE.

Na'am, mai tambayar yadda abin yake a harshen shirye-shirye na Go? Goroutine, ɗan ƙaramin zaren Go, da kilobayit 2 yake farawa, ka yi rubutu kamar na zare, epoll na aiki a ƙasa. Amma iyakar da wa'adin, kai za ka sa su da hannunka.