Nijar Ta Fita Daga ECOWAS, To Me Sefa Ke Yi Har Yanzu a Kasuwar Maraɗi?

Tun da hoton sabon fasfon AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel uku, ya fara yawo a wayoyi, tambaya ɗaya ke ta dawowa: idan Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, me ya sa har yau sefa ake kashewa a Yamai? Wasu sun ce fitar ta fatar baki ce. Wasu kuma sun rantse an riga an buga sabon kuɗi an ɓoye. Duk ɓangarorin biyu sun cakuɗa ƙungiyoyi biyu ne suka ɗauke su abu guda.

Bari mu bi tarihin a gurguje. An kafa ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO, a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar suka zauna a Abuja, suka rufe iyakoki, suka ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi, Najeriya ta yanke wutar lantarki. A watan Satumba ƙasashen uku suka kafa AES. Ranar 28 ga Janairu, 2024 suka ce sun fita nan take. Amma sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS ya ce sai an ba da sanarwar shekara guda a rubuce, shi ya sa fitar ba ta tabbata ba sai 29 ga Janairu, 2025. Ƙasashe 15 suka koma 12.

To, ku zana taswira a zuciyarku mai zagaye biyu, babba da ƙarami, ku dube ta da kyau, don nan ne gizo ke saƙar.

Wannan babban zagayen shi ne ECOWAS. Aikinta zirga-zirgar jama'a ba biza har kwana 90, bisa yarjejeniyar 1979, da kasuwanci, da tsaro, da sa ido kan zaɓe. ECOWAS ba ta da kuɗin kanta, ba ta taɓa buga ko sisi ba.

Wannan ƙaramin zagayen da ke cikinsa kuma UEMOA ce, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a Dakar a Janairun 1994 a kan tsohuwar yarjejeniyar kuɗi ta 1962. Ƙasashe takwas ne: Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Su ke da sefar Afirka ta Yamma, da babban banki guda, BCEAO, mai hedikwata a Dakar. Ƙasashen AES sun fita daga babban zagayen, suna nan daram a ƙaramin. Abin dariyar ma, hedikwatar hukumar UEMOA a Wagadugu take, a tsakiyar AES.

Me ya hana su fita daga duka biyun a rana ɗaya? Barin ECOWAS kamar daina zuwa taron unguwa ne. Barin sefa kuwa raba tukunya ne da 'yan gida ɗaya, kuma abincin yana kan wuta.

Ga abin da ke cikin tukunyar. Duk kuɗin waje da ƙasashen takwas suka samu, na kokon Kodebuwa, na zinariyar Mali da Burkina, na yuraniyom da man Nijar, asusun ajiya guda yake shiga. Daga nan ake biyan dala da yuro idan ɗan kasuwa zai shigo da shinkafa ko magani. Ƙasar da shekara ta yi wa tsiya tana jingina da wadda damina ta yi wa kyau. Sannan an ɗaure sefa da yuro a kan farashi tsayayye, 655.957 kowane yuro guda, tun 1999, Faransa kuma ita ce mai lamunin canjin.

Wani gyara a nan, don ana yawan maimaita tsohon zance. Dokar ajiye rabin kuɗin waje a baitulmalin Faransa an soke ta bayan gyaran da shugaban Kodebuwa Ouattara da na Faransa Macron suka sanar a Disambar 2019. Ɗaurin da yuro da lamunin Faransa dai suna nan, kuma har yanzu a Faransa ake buga takardun. Masu sukar sefa suna da hujja, sai dai su riƙa kawo ta yau.

Ƙasar da za ta fita sai ta kafa babban bankinta mai iko, ta zauna a yi lissafin kasonta na ajiya da bashin da ke kanta, ta buga takardu da silalla ta kai su har ƙauyen da babu banki, ta tsayar da farashin canji. Matakin da ya fi kayar da mutane shi ne bashi. Gwamnatocin nan suna cin bashi a kai a kai a kasuwar yankin, da sefa, daga bankunan Abijan da Dakar da Lome. Idan sabon kuɗi ya faɗi da rabi, bashin da aka ci da sefa ya ninka a aljihun mai biya. Kuma tun kafin ranar canji, duk mai kuɗi a banki zai yi ƙoƙarin tsallakar da shi maƙwabta. Shi ya sa ba a shelar irin wannan mataki watanni kafin lokaci.

An taɓa gwadawa. Mali ta fita a 1962 zamanin Modibo Keita, ta buga nata faran. A 1967 aka karya darajarsa da rabi. A 1984 ta dawo, ana karɓar faran Mali biyu a ba da sefa ɗaya. Muritaniya kuwa ta fita a 1973 ba ta dawo ba, tana nan da nata kuɗin mai suna ugiya. Kenan abu ne mai yiwuwa, amma da tsada.

Kada kuma a ce zaman cikin UEMOA daɗi ne zalla. Takunkumin da ya fi cizo ta nan ya biyo: an daskarar da asusun gwamnatin Mali a BCEAO a 2022, aka maimaita wa Nijar a 2023, duka biyun suka kasa biyan basussuka a kan kari. A ganina, ranar da aka mayar da babban bankin sandar duka, ranar aka ba masu neman fita hujjar da ba su taɓa samun irinta ba.

Yanzu ku koma kan taswira. Tsakanin Nijar da Togo ko Kodebuwa, dokokin UEMOA na zirga-zirga da kwastan suna nan. Najeriya da Gana fa? Ba sa cikin ƙaramin zagayen. Igiyar da ta haɗa Jibiya da Maraɗi, Illela da Ƙonni a hukumance ECOWAS ce. A ranar fitar, ƙungiyar ta umarci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, su bar kaya da mutane su wuce kamar da, har sai an sake sanarwa. Alfarma ce ta wucin gadi, sa hannu ɗaya zai iya janye ta. Ko da yake, kada mu manta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 tana cikakkiyar mamba, ba wanda ya iya hana ta.

Kuɗin bai-ɗaya da ECOWAS ke shirin yi, mai suna Eko, kuwa, an sa rana an ɗaga tun 2003, yanzu an ce 2027. Sharuɗɗan sun haɗa da giɓin kasafi da bai wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin ƙasa ba, da ajiyar kuɗin waje da za ta biya kayan shigowa na wata uku. Ƙasashe kaɗan ne ke cika su a shekara guda, balle a jere.

Idan kun sake ganin hoton wata sabuwar takardar kuɗi ta Sahel a WhatsApp, ku bincika abu biyu kafin ku tura gaba: shin akwai sanarwar ficewa daga ƙungiyar kuɗin a hukumance, kuma shin an kafa doka ta sabon babban banki? Bankin zuba jari da AES ta sanar da kafawa ba shi ne wannan ba, shi bashin ayyuka zai bayar, ba ya buga kuɗi.