Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin da ke sauka a daji

Jama'a barkanmu da yamma daga nan Garwa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuwa kaɗan ne.

Wani ɗalibi daga Pitowa yana tambaya ko mutum zai iya mallakar jirgin kansa. Zai iya, ɗana, in CCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Kamaru, ta yi wa jirgin rajista. Kai dai gama makaranta tukuna.

Sai wadda ta zo mana daga Poli da Cholire: "Mukan ji ƙaramin jirgi ya sauka a daji, wani sa'in da dare. Me za mu yi?" Baƙonmu tsohon ma'aikacin filin jirgi ne. Baba, bismillah.

"To, ai jirgi ba ya tashi haka kawai. Sai matuƙi ya ba da takardar tafiya, ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyarmu, ta san inda ya fito da inda za shi. Ita ASECNA ɗin tun 1959 aka kafa ta. Wajen dajin Binuwai da Buba Njida kuma akwai ƙananan filaye na masu farauta da masu gadin namun daji, da izininsu. Amma ku tuna garin Abeche na Chadi a 2007, da wasu Faransawa na ƙungiyar Arche de Zoé suka tara yara 103 za su kwashe a jirgin haya, wai marayun Darfur ne, ashe yawancinsu 'yan Chadi ne, iyayensu na raye."

Allah ya ƙara girma, Baba, amma cewa suka yi me za su yi. Kada ku matsa kusa. In maimaita, kada ku matsa kusa, ba ruwanku da jarumta. Daga nesa ku duba haruffan jikin jirgin: TJ na Kamaru, TT na Chadi, 5N na Nijeriya. In an rufe su ko an goge, to da walakin. Ku riƙe lokacin, da irin motar da ta zo tarba, da ko an sauke kaya ko gangunan mai babu jandarma babu 'yan duwan, wato kwastan. Sai ku gaya wa jauro ko lawan, ko ku kira jandarma a 113. Ɗaya, ɗaya, uku.

Ni a ganina, samarin da ke karɓar 'yan kuɗi su share wa baƙon da ba su sani ba fili, su ne matsalar. Jirgin hodar iblis da aka ƙone a hamadar Gawo ta Mali a 2009, ai da mutane a ƙasa suna jiransa.

Hajiya daga Marwa tana tambaya kan jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoton biki: shi ma sai da izini. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.