Darasi: Jakar Ruwa a Gaban Lakar Wuya

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai. Yau za mu tsaya kan jakar da likitoci ke kira niyurenterik. Ba kasafai ake samunta ba, kuma da ita ake haihuwar mutum. Tun a mako na 3 na ciki, wani ɗan ɓangare na abin da zai zama hanji yake maƙalewa a wurin da ƙashin baya ke ginuwa. Shi ya sa bangonta ke tsatsar da ruwa mai yauƙi irin majina. Ku riƙe wannan, domin duk tiyatar a kansa ta rataya.

Mai ciwon yakan zo da ciwon wuya, hannu na yi masa nauyi, maɓallin riga ma ya gagare shi, ƙafa na sanƙarewa. Wani lokaci abin ya lafa, sannan ya dawo, sai a ɗauka wata cuta ce daban.

Hoton MRI ne ke warware zancen. Ku dubi gaban laka, cikin rigar da ta lulluɓe laka, wadda ake kira dura: jakar na nan zaune ta tura lakar zuwa baya, kuma galibi ba ta shan ruwan allurar haskawa da ake yi don hoto ya fito sarai. A ƙara da CT don duba ƙashi, saboda sau da yawa akan tarar da gaɓoɓin wuya a manne da juna ko ɗaya a tsage.

To, sai tiyata. Yawanci ta baya ake shiga, a cire murfin ƙashi, a tsaga dura ƙarƙashin madubin tiyata. Kada a ja laka, ko kaɗan. A yanke siraran zaruruwan nama da suka ɗaure lakar ta gefe, a shimfiɗa auduga kewaye, sannan a zuƙe ruwan jakar da allura har ta saɓule. Audugar nan tana da dalili: ruwan idan ya malala, yana jawo sanƙarau marar ƙwayar cuta. Daga nan a ɓare bangon a hankali. Idan jakar tana tsakiya sosai, gara a bi ta gaba, a cire jikin ƙashin, a sa madadinsa a ɗaure da ƙarfe.

Bangon da aka bari zai iya sake tara ruwa. Amma inda ya manne da laka ko da jijiyar jinin gabanta, a bar wannan ɗan gutsuren. Shanyewar jiki ta fi dawowar jaka muni. Sai a riƙa bibiya da MRI shekaru da dama.

A ɗinke dura tsaf, kada ruwan laka ya yoyo ta rauni.